Bakteriya mai tsamo zinariya daga ruwa: mene ne gaskiyar lamarin, kuma ina ruwan ɗan kasuwa?

Tun daga shekarar 2006 zuwa yau, kusan duk bayan ƴan shekaru sai labari ya ɓullo daga wata jami'a ta ƙasashen waje cewa masana sun gano wata ƙanƙanuwar halitta da ke kashin zinariya. Labarin kan bi gidajen rediyo, a baya-bayan nan kuma ya bi wayoyin salula, har ya iso rumfunan kasuwa bayan an ƙara masa gishiri da yaji. Wasu na cewa Turawa sun fara kiwon zinariya kamar yadda ake kiwon kaji, wasu kuma na cewa nan ba da jimawa ba farashinta zai faɗi warwas, wanda ya ajiye ta ya shiga uku. Tun da aka samu zinariya a Jado a 2014, sannan a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi a 2021, babu wata babbar kasuwar kan iyaka da za ka shiga ba ka tarar da wanda ke da ɗa, ko ƙane, ko jari a ramin haƙa ba. Saboda haka maganar ta cancanci a zauna a tsefe ta, a ware tsaki da tsakuwa.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, labarin yana da tushe. Akwai irin waɗannan halittu, an san sunayensu, an kuma maimaita gwajin a ƙasashe daban-daban an samu sakamako iri ɗaya. Abu na biyu shi ne, babu ɗaya daga cikinsu da ke ƙirƙirar zinariya. Zinariyar da ta riga ta narke cikin ruwa suke maidowa ƙarfe. In ka zuba giram ɗaya, iyakar abin da za su ba ka giram ɗaya ne, galibi ma ƙasa da haka.

Yadda zinariya ke ɓacewa cikin ruwa

Narkewar zinariya iri biyu ce. Akwai wadda kowa ya sani, ta maƙerin fari, inda ake hura wuta har zafinta ya kai digiri 1,064 a ma'aunin salsiyos, ƙarfen ya zama ruwa, in ya huce ya sake daskarewa. Ba wannan ake nufi a nan ba. Ɗayar ita ce irin narkewar gishiri ko kanwa a cikin ruwa, inda abin zai ɓace wa ido ƙurmus alhali yana nan. Zinariya ƙarfe ce mai taurin kai, ba ta tsatsa, kuma asid ɗin da ke cinye tagulla da tutiya ba ya taɓa ta, dalilin da ya sa masu saye ke ɗiga asid a kan dutsen gwaji don gane ta gaske da ta jabu. Amma in aka haɗa asid iri biyu masu ƙarfi, kashi uku na ɗaya da kashi ɗaya na ɗayan, haɗin da masanan dā suka laƙaba wa suna ruwan sarauta, to zinariya za ta narke a ciki, ruwan ya koma rawaya kamar ruwan ɗorawa. Haka nan gubar sayanid, wadda wasu masu haƙa ke kira siyanir, ita ma tana narkar da ita.

A cikin ƙasa ma haka na faruwa, sai dai kaɗan-kaɗan kuma a hankali. Ruwan ƙarƙashin ƙasa mai gishiri, da wasu sinadarai da tsirrai da ƙananan halittu ke fitarwa, suna lasar zinariyar da ke cikin dutse suna tafiya da ita. A 2013 masana a Ostareliya sun nuna cewa itacen turare da ya tsiro a kan jijiyar zinariya a yankin Kalguli yana zuƙo ta da saiwoyinsa daga zurfin mita talatin da ɗoriya, har a ga ɓurɓushinta a ganye. Kada wani ya ɗauki gatari, abin bai kai a auna shi a sikeli ba.

To ita wannan narkakkiyar zinariya guba ce ga bakteriya, wato ƙananan halittun nan da ido ba ya gani sai da madubin likita, waɗanda dubunsu in aka jera ba su wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Mun fi saninsu da ƙwayoyin cuta, amma mafi yawansu ba su sa ciwo. Su ne ke mayar da madara nono, su ne ke gyara kalwa ta zama daddawa. Yawancinsu in narkakkiyar zinariya ta taɓa su mutuwa suke yi. Ƴan kaɗan ne suka san makarinta, kuma makarin shi ne su mayar da gubar ƙarfe, domin ƙarfen zinariya ba ya cutar da su. Ke nan ba ƙaunar zinariya suke yi ba, kansu suke ceto.

Daga tankin masana'anta zuwa ramukan Ostareliya

Wadda ta fi suna a cikinsu ana kiran ta Cupriavidus metallidurans, sunan da ke nufin mai son jan ƙarfe, mai jure wa ƙarafa. An fara tsamo ta ne a 1976 daga laka a tankin wata masana'antar tutiya kusa da birnin Liyej na ƙasar Beljiyam, wurin da gubar ƙarafa ta yi yawan da ba a zaci wani abu mai rai zai zauna ba. Shekaru da dama masana na nazarinta a matsayin halitta mai cin guba ta kwana lafiya, ba tare da an alaƙanta ta da zinariya ba.

Kafin nan da bayan nan an yi wasu gwaje-gwaje. A jami'ar Guwelf ta Kanada, Terry Beveridge da Gordon Southam sun nuna a 1994 cewa in aka zuba wata bakteriyar ƙasa cikin ruwan zinariya, ana samun ƙananan ƙwayoyin ƙarfe masu kama da waɗanda masu wanki ke samu a gindin kwano. A 2001, Kazem Kashefi da Derek Lovley na jami'ar Masacusets ta Amurka suka nuna cewa wasu halittun da ke rayuwa inda babu iska su ma suna yin haka. Sai dai duk wannan a kwalba aka yi, ba a tabbatar yana faruwa a daji ba.

Wanda ya kawo hujjar shi ne Frank Reith, Bajamushe mai aiki a Ostareliya. Ya je wuraren haƙa biyu masu nisan dubban kilomita da juna, Tomakin a kudu maso gabas da kuma wani rami a arewacin jihar Kuwinsland, ya tsinto ƙwayoyin zinariya daga ƙasa, ya duba su da na'ura mai ƙara girman abu sau dubbai. Sai ya tarar da wani yauƙi manne a jikinsu, irin wanda kan taru a cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba, yauƙin kuma cike da bakteriya. Da ya bincika asalinsu sai ga ƴar Beljiyam ɗin nan a kan zinariyar, alhali a ƙasar da ke kewaye ba a same ta ba. Mujallar Science ta buga sakamakon a 2006, daga nan ne labarin ya bazu duniya. Reith ya ci gaba da wannan aiki a jami'ar Adiled har rasuwarsa a 2019.

Abin da bincikensa ya nuna ya shafi duk mai wankin ƙasa a bakin gulbi. Ba duk zinariyar da ake samu a yashi ce ta ɓantaro daga dutse yadda take ba. Wani ɓangarenta narkewa ya yi, ya yi tafiya cikin ruwa, sannan waɗannan halittu suka sake tara shi a jikin wata ƙwayar, shi ya sa bayan irin wannan zinariya kan fi cikinta tsabta, azurfar da ke gauraye da ita ta ragu.

Yadda take aikin

Sai a 2018 aka warware yadda abin ke gudana, a wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Reith da Dietrich Nies na jami'ar Hale ta Jamus. Don a fahimta, mai karatu ya ɗauki jikin wannan halitta kamar gidan Bahaushe: akwai ƙofar waje, akwai zaure, sannan akwai cikin gida. Tana bukatar jan ƙarfe kaɗan don ta rayu, kamar yadda miya ke bukatar gishiri, amma in ya yi yawa sai ya kashe ta. Saboda haka tana da wani famfo, masana na kiran sa CupA, mai fitar da rarar jan ƙarfe daga cikin gida. A ƙasar da ke da zinariya, ita da jan ƙarfen tare suke shigowa, in kuwa suka haɗu sai su toshe famfon, guba ta taru, maigida ya halaka. Dabarar da ta samu ita ce ta ajiye wani ɗan aiki na biyu, CopA, a zaure. Shi ne ke tare baƙin tun ba su shige ba, ya juya jan ƙarfen zuwa siffar da ba ta iya ratsa ƙofar ciki cikin sauƙi, ita kuwa zinariyar ta daskare nan zaure ta zama ƙarfe.

Girman abin da ke taruwa shi ne inda gizo ke saƙar. Ana auna shi da nanomita, wato milimita ɗaya a raba ta gida miliyan. A wannan ƙanƙanta zinariya ba ta ma da launinta da muka sani, ja take fitowa ko shuni. Wanda ya leƙa kwalbar gwajin ba zai ga wani ƙyalli ba, ruwa zai gani mai kama da zoɓo da baƙar laka a gindi.

Akwai ta biyu, Delftia acidovorans, wadda ta samo sunanta daga garin Delf na ƙasar Holan, kuma ana yawan samunta tare da ta farkon a jikin zinariya. Ita ba ta bari baƙon ya iso ko zaure. A 2013 Nathan Magarvey da ɗalibansa a jami'ar Makmasta ta Kanada suka gano cewa tana fesa wani sinadari a kewayenta, suka sa masa suna delftibaktin, wanda da zarar ya haɗu da narkakkiyar zinariya yake kama ta ya mayar da ita ƙarfe a waje. A farantin gwaji sai a ga baƙin zobe ya kewaye kowane gungu nata, zoben nan zinariya ce. Don su tabbatar, sai suka cire mata ikon yin sinadarin, nan da nan gubar ta fi ƙarfinta. Wannan binciken ya fi jan hankalin masu masana'antu, domin ana iya tace sinadarin shi kaɗai a yi aiki da shi ba sai an yi kiwon halittar ba, kuma yana aiki cikin daƙiƙoƙi, ba wuta ba zafi.

Lissafin riba da faɗuwa

Hoton da ya fi yawo a wayoyi, na wata na'ura mai kwalaben gilashi da ɗan ƙullutun zinariya a ciki, ya samo asali ne daga jami'ar jihar Mishigan ta Amurka a 2012. Kazem Kashefi da aka ambata a baya, tare da wani malamin fasahar zane, Adam Brown, suka haɗa ta don baje koli, har ta samu yabo a wata gasa a ƙasar Ostiriya. Sun ɗura wa ƴar Beljiyam ruwan zinariya mai ƙarfin gaske, suka tarar tana jure ninki 25 na abin da aka zata, cikin kusan mako guda kuma ta tara zinariya tsantsa mai karat 24. Brown ya kira aikin nasu sabuwar alkimiya, yana tuna mutanen dā da suka ƙarar da rayuwarsu wajen neman mayar da dalma zinariya. Daga sunan wannan sana'a tasu ne ma muka samu kalmar kimiyya ta hanyar Larabci.

Abin da masu tura hoton ba su faɗi shi ne, ruwan da aka zuba wa halittar saye aka yi, kuma da zinariya ake yin sa. Kamfani ya sayi zinariya, ya narkar da ita da asid, ya ɗura a kwalba, ya ɗora ribarsa. Su kansu masanan biyu sun bayyana tun a lokacin cewa yin haka da yawa ba zai biya kuɗinsa ba. A harshen kasuwa, ka sayi tiyar gero ne a kan tsada, ka watsa ta cikin yashi, ka ɗauki ƴan aiki su tsince maka, sannan ka sayar a farashin kasuwa. Aikin ya yi kyau a matsayin ilmi, amma ba ciniki ba ne.

Wani zai ce ai an ce ruwan teku na da zinariya, me zai hana a sakar masa waɗannan halittu? Wannan tunani ya riga mu. Bayan yaƙin duniya na ɗaya, Fritz Haber, Bajamushen da ya samu lambar Nobel saboda gano hanyar da ake bi ana yin takin zamani, ya yi shekaru a cikin shekarun 1920 yana bin jiragen ruwa yana ɗibar ruwan teku, da niyyar tsamo zinariyar da Jamus za ta biya tarar yaƙi da ita. Daga ƙarshe ya haƙura. Ma'aunin yau ya nuna cewa a tan miliyan 100 na ruwan teku, zinariyar ba ta wuce kimanin giram ɗaya ba. Kuɗin man famfon kaɗai ya isa ya karya attajiri.

Nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya sa lura. Farashin zinariya ya tashi daga ƙasa da dalar Amurka 300 kan oza guda a 2000 (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba) ya haura 1,000 a 2008, ya haura 2,000 a 2020, a watan Oktoba na 2025 kuma ya tsallake 4,000. Oza giram 31 ce da ɗan ɗori, ke nan a wannan farashi giram ɗaya ya kusa dala 129. Duk inda kuɗi ya yi irin wannan tashi, ƴan damfara na biye. Waɗanda a dā ke yawo da baƙaƙen takardu suna cewa kuɗi ne da ke jiran maganin wanki, ba abin mamaki ba ne gobe su zo da kwalba su ce iri ne na bakteriya mai haihuwar zinariya, ga hoton jami'ar Amurka a waya don shaida. Tambaya ɗaya ta isa ta kore su: zinariyar da za ta fito, daga ina ta shiga ruwan? In kuwa aka yi gwaji a gabanka ta fito, to an riga an zuba ta ne.

Inda bakteriya ke cin kasuwa da gaske

Akwai wurin da waɗannan halittu suka daɗe suna kawo kuɗi, kuma ba nesa da mu ba ne, sai dai aikin nasu daban ne. Wani dutsen zinariyarsa a kulle take cikin ma'adinin ƙarfe da farar wuta, irin dutsen nan mai ƙyalli da ke yaudarar sabon mahaƙi. Ko an niƙa shi ya yi laushi kamar garin alkama, sayanid ba ya isa ga zinariyar. A dā gasa shi ake yi, hayaƙin kuma mai guba ne ƙwarai. Sai injiniyoyin Afirka ta Kudu suka fito da wata hanya da suka kira BIOX, suka fara aiki da ita a ma'adinin Feyabiyu kusa da garin Babaton a 1986. Ana zuba niƙaƙƙen dutsen cikin manyan tankuna masu ruwa mai tsami, a riƙa hura iska ana juyawa, zafi na tsaye wajen digiri 40, sai wasu bakteriya masu cin ƙarfe da farar wuta su cinye ɓawon cikin kwana huɗu zuwa shida, zinariya ta fito fili.

A 1994 aka kafa irin wannan masana'anta a Obuwasi ta ƙasar Gana, garin da ke da zangon Hausawa, kuma a lokacin babu kamarta girma a duniya, tana cin ɗaruruwan tan a kowace rana. Amma a lura, a nan bakteriya buɗe ƙofa kawai take yi. Bayan ta gama, sayanid ne ke narkar da zinariyar, gawayin ɓawon kwakwa ne ke tsotse ta daga ruwan. Wannan gawayi, da kuma garin tutiya da ake amfani da shi tun ƙarshen ƙarni na 19, su ne abokan gasar Cupriavidus da Delftia, kuma har yanzu sun fi su araha da sauri. Ga shi kuma zinariyar da ta narke cikin sayanid riƙon da ya yi mata mai ƙarfi ne, waɗannan halittu ba su cika iya ɓamɓare ta ba.

Za su iya maye gurbin zaiba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a wajenmu. Masu haƙar gargajiya daga Komabangu zuwa Zamfara da zaiba suke aiki. A cuɗa ta da wankakken gari, ta haɗiye zinariya, a matse a ƙyalle, a ƙona ƙullutun, zaiba ta tashi hayaƙi ta bar zinariya. Hayaƙin nan ba shi da wari, amma yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, yana kawo rawar hannu da mantuwa, yana kuma illata ɗan da ke ciki. Ba mahaƙi kaɗai ke shaƙarsa ba. Mai saye da ke sake ƙona zinariya a shagonsa don ya tabbatar da nauyinta, da yaron shagonsa, da mai tuwon da ke maƙwabtaka da shi, duk suna samun rabonsu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce kusan kashi 38 cikin 100 na zaibar da ɗan Adam ke saki cikin iska daga ƙananan masu haƙar zinariya take fitowa. Yarjejeniyar Minamata, wadda aka ƙulla a 2013 ta fara aiki a watan Agusta na 2017, kuma Nijar da Najeriya da Gana duk suna cikinta, ta taƙaita cinikin zaiba tsakanin ƙasashe.

Amsar dai ita ce a'a, ba yanzu ba. Zaiba ƙarfen zinariya take kamawa, bakteriya kuwa sai narkakkiya. Kafin mahaƙi ya ba ta aiki, sai ya fara narkar da zinariyarsa da asid ko sayanid, ya gudu daga wata guba ya faɗa wata. Akwai wata bakteriya mai launin shuni, Chromobacterium violaceum, da ke yin sayanid nata ɗan kaɗan, masana a Singafo sun gwada ta a kan tarkacen na'urori, amma abin da take narkarwa bai kai a dogara da shi ba. Sannan waɗannan halittu na son ruwa mai tsabta, abinci, daidaitaccen zafi da mai lura da su, abubuwan da babu su a bakin rami a tsakiyar hamada. Ba kuma za su hana irin abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dalma daga dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje, ko ruftawar rami irin ta Garin Liman kusa da Ɗan Isa a watan Nuwamba na 2021, wadda ta ci aƙalla mutum 18. A ganina, wanda ke son rage illar zaiba a yau gara ya nemi tukunyar nan mai murfi da bututu da ake ƙona ƙullutu a ciki, wadda ke kama hayaƙin ta maido da zaibar a sake aiki da ita. Maƙeri na iya ƙera ta da guntayen bututun famfo, ga lafiya ga ragin kashe kuɗi.

Ma'adinin da ke cikin bola

Inda ake ganin bakteriya mai tsamo zinariya za ta samu gurbi shi ne tsofaffin wayoyi da kwamfutoci. Allon nan kore da ke cikinsu an shafa wa mahaɗansa zinariya saboda ba ta tsatsa. A waya ɗaya ba ta wuce kimanin kashi 3 cikin 100 na giram ba, wato sai ka tara waya talatin da wani abu kafin giram ɗaya. Amma in aka auna tan da tan, allunan sun ninka dutsen ma'adini mai kyau sau goma ko fiye, tun da manyan kamfanoni na aiki da dutsen da ke da ƴan giram kaɗan a tan. Japan ta nuna haka lokacin wasannin Olamfik na Tokiyo 2020, inda ta tara kusan tan dubu 79 na tsofaffin na'urori, har da wayoyi sama da miliyan 6, ta fitar da kilo 32 na zinariya da ta yi lambobin yabo da su. A 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na irin wannan shara, wadda aka tabbatar an sarrafa ta yadda ya kamata ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Matsalar allon waya ita ce in ka narkar da shi, ruwan kan zama gaurayen jan ƙarfe, kuza, tutiya da sauransu, zinariyar ƴar mitsitsiya ce a ciki. Nan ne halitta mai zaɓe ke da amfani. Wani kamfani na ƙasar Niyuzilan, Mint Innovation, da aka kafa a 2016, ya gina hanyarsa a kan haka: a niƙa allunan, a fara cire jan ƙarfe, a narkar da zinariya da sinadari, a zuba ƙananan halittu su manne mata, a tace su a samu wani kwaɓi mai launin shuni, a ƙona shi ya bar toka mai zinariya. A 2022 ya kafa masana'anta a birnin Sidni na Ostareliya. Ba bakteriya kaɗai ke wannan takara ba. A 2024 masana a birnin Zurik na Suwizalan suka yi wani soso daga ruwan da ke saura bayan an yi cuku, suka tsamo miligiram 450 na zinariya mai karat 22 daga allunan kwamfuta 20.

Wannan ne ya sa masu sayen matattun wayoyi da alluna a kilo ke ƙara yawa a kasuwanninmu, daga hannun masu gyara da ƴan gwangwan, su tara su tura Legas ko Kwatano, daga can a ɗora a jirgi zuwa manyan matatu na Turai da Asiya. Ribar ɗan kasuwa a nan tana wajen tantancewa ne: allon waya daban, na kwamfuta daban, na rediyo da talabijin da ba su da wani abin kirki daban, domin wanda ya sayar a gauraye farashin na ƙasa za a ba shi. Ƙona su don a ciro ƙarfe, kamar yadda aka daɗe ana yi a Agbogbuloshi ta birnin Akara kafin a rushe wurin a 2021, asara ce biyu, domin zinariyar na bin toka, hayaƙin kuma na bin huhu.

Mai niyyar shiga wannan harka ya kuma san cewa doka ta canza. A 2022 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Basel suka amince da wani gyara da Gana da Suwizalan suka gabatar, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2025. A ƙarƙashinsa, duk sharar kayan lantarki, mai guba da marar guba, ba ta ƙetare iyaka sai an sanar da ƙasar da za ta karɓa da waɗanda za a ratsa, sun kuma ba da izini a rubuce. Buhun matattun alluna da a dā kan wuce a matsayin tarkacen ƙarfe, yanzu jami'in duwan na da hurumin tsayar da shi ya nemi takarda daga ma'aikatar muhalli.